Zane da Alamu a Cikin Majami'a: Taimako ne ga Sujada ko Hanyar Tuntuɓe?

Malam Ishaya: Salama a gare ku, 'yan'uwa a cikin Almasihu. Akwai tambayar da na daɗe ina juyawa a raina, ina kuma roƙon masu ilimi a cikinmu su haskaka mana. Idan mutum ya shiga majami'u dabam-dabam, zai tarar da wata bangonta fari fat, ba komai a gaba sai mumbari da Littafi Mai Tsarki a buɗe. Wata kuma akwai gicciye da kyandirori da tufafin bagade waɗanda launinsu yake sauyawa bisa ga lokacin shekara. Wata kuwa tun daga ƙofa har rufi zanen Yesu ne da manzanni da mala'iku. Dukansu suna karanta Fitowa 20:4, inda aka hana yin gunki ko siffar wani abu na sama ko na ƙasa, dukansu kuma suna cewa suna biyayya da ita. To, yaya aka yi umarni ɗaya ya haifar da gidajen sujada masu bambanci haka? Ba kushe wata ɗarika nake nema ba, hujjar kowane ɓangare nake so in ji.

Fasto Bitrus: Malam Ishaya, Allah ya saka maka da alheri da ka kawo wannan magana a natse. Ni ina cikin waɗanda suke ganin farin bango ya fi aminci, kuma dalilina ba ƙin kyan gani ba ne. A cikin Maimaitawar Shari'a 4:15, Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa a ranar da Ubangiji ya yi magana da su a Horeb daga tsakiyar wuta, ba su ga wata siffa ba, murya kawai suka ji, kuma a kan wannan ne ya gargaɗe su kada su sassaƙa wa kansu wata siffa. Allah da kansa ya zaɓi ya bayyana ta hanyar kunne, Bulus kuma ya tabbatar a Romawa 10:17 cewa bangaskiya ta wurin ji take zuwa.

Wannan damuwa ba masu gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16, wato magabatan Furotesta, ne suka ƙirƙiro ta ba. Wajen shekara ta 305, bishop-bishop da suka taru a Elbira, a ƙasar Sifen, sun yanke cewa kada a yi zane a cikin majami'a, domin kada abin da ake yi wa sujada ya zama abin shafawa a bango. Daga baya Jon Kalbin, ɗaya daga cikin masu gyaran nan, ya kwatanta zuciyar ɗan Adam da maƙerar da ba ta daina ƙera gumaka, sannan katikizim na Haidelbag, wanda aka wallafa a 1563, ya amsa wa masu cewa hotuna littattafan jahilai ne da cewa kada mu ɗauka mun fi Allah hikima, tun da shi ya so a koyar da jama'arsa da wa'azin Kalmarsa mai rai, ba da siffofi bebaye ba. Ina ganin wannan amsa har yau tana da nauyi. Hoto ba ya iya cewa "kada ka durƙusa mini", amma mai wa'azi yana iya faɗin haka game da kansa.

Malama Rifkatu: Ranka ya daɗe Fasto, na yarda da nauyin gargaɗin, sai dai ina roƙo mu ci gaba da karanta littafin Fitowa, kada mu tsaya a sura ta 20. A sura ta 25, Allahn da ya ba da umarnin nan ya ce a ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan murfin akwatin alkawari, a sura ta 26 ya ce a saƙa siffar kerubobi a labulen alfarwa, a sura ta 31 kuma ya ce ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar dutse da itace. Haikalin Sulemanu ma cike yake da zanen kerubobi da itatuwan dabino da furanni, ga bijimai 12 na tagulla suna ɗauke da babbar kwatarniyar ruwa. Idan umarnin ya hana kowace irin siffa ne, da Nassi ya yi karo da kansa a cikin surori kaɗan. Abin da aya ta 5 ta sura ta 20 ta bayyana shi ne manufar hanin: kada a sunkuya musu, kada a bauta musu.

Game da Kiristocin farko, ƙasa ta adana mana shaida. A garin Dura-Yurofos da ke gaɓar kogin Yufiretis a Siriya, an tono wani gida da aka mayar wurin sujada kafin garin ya faɗi wajen shekara ta 256. A ɗakin baftisma na gidan an zana Makiyayi Nagari ɗauke da tunkiya, da shanyayyen da aka warkar yana ɗauke da shimfiɗarsa, da Yesu yana tafiya a kan ruwa tare da Bitrus. Yanzu waɗannan zane-zane suna jami'ar Yel a Amurka. A makabartun ƙarƙashin ƙasa na Roma kuma, abin da aka fi zanawa shi ne Yunusa yana fitowa daga cikin kifi, da Daniyel a tsakanin zakoki, da samari uku a cikin tanderun wuta, wato duk labaran ceto daga mutuwa, a daidai wurin da masu makoki suke binne 'yan'uwansu. Kilemen na Iskandariya, wanda ya rasu wajen 215, ya shawarci masu bi da su sa kurciya ko kifi ko jirgin ruwa ko anka a kan zoben hatiminsu.

Hukuncin Elbira da ka ambata gaskiya ne, amma shi kansa shaida ne cewa ana yin zanen, domin ba a kafa doka a kan abin da babu shi, kuma taro ne na yanki ɗaya. Wani abin lura shi ne, an daɗe ba a zana Yesu a kan gicciye ba. Ɗaya daga cikin mafi tsufan irin wannan yana kan ƙofar itace ta majami'ar Santa Sabina a Roma, ta wajen shekara ta 430. Ke nan masu bin farko suna zaɓen abin da za su nuna da wanda za su bari, ba kara zube suke zane ba.

Fasto Bitrus: Malama, na gode da wannan ilimi. Amma ki lura da abu biyu. Kerubobin akwatin alkawari Allah ne ya ba da umarnin yinsu dalla-dalla, kuma suna Wuri Mafi Tsarki, inda babban firist kaɗai yake shiga sau ɗaya a shekara. Ba abin da taron jama'a yake kallo ba ne. Na biyu, akwai macijin tagulla. Allah ne ya ce wa Musa ya yi shi a Littafin Ƙidaya sura ta 21, mutane sun dube shi sun rayu, Yesu da kansa ya kwatanta shi da ɗaga Ɗan Mutum a Yohanna 3:14. Duk da haka, 2 Sarakuna 18:4 ya gaya mana cewa sarki Hezekiya ya farfashe shi, domin Isra'ilawa sun koma ƙona masa turare, Nassi kuma ya lissafa wannan a cikin ayyukansa na kirki. Idan alamar da Allah ya umarta ta iya zama gunki, ina ga wadda mu muka ƙaga da kanmu?

Katikis Luka: Gaisuwa ga Fasto da Malama da sauran 'yan'uwa. Ni Katolika ne, kuma ina so in bayyana abin da ikkilisiyarmu da ta Otodoks suke koyarwa, domin sau da yawa ana jin labarinmu daga bakin wasu ne. Wannan gardama an yi ta da zafi ƙwarai a daular Rumawa ta Gabas. Tun daga zamanin sarki Liyo na Uku, wajen 726, aka fara cire hotuna, taron Hiyeriya na 754 ya haramta su, an kuma tsananta wa sufaye da yawa. Wanda ya fi kare hotunan da alƙalami shi ne Yohanna na Dimashƙu, wanda yake zaune a ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin halifancin Umayyawa, inda hannun sarkin bai kai ba.

Hujjarsa ta tsaya a kan ayar da Fasto ya kawo. Ya yarda cewa a Horeb ba a ga siffa ba, saboda haka a lokacin ba dama a zana Allah. Amma Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, an gan shi, an taɓa shi, yana da fuska da hannuwa da aka huda da ƙusa, Kolosiyawa 1:15 kuma ya kira shi surar Allah marar ganuwa. Wanda ya ce sam ba za a iya zana Yesu ba, yana dab da cewa jikinsa ba na gaske ba ne. A kan wannan ne Majalisar Nikiya ta Biyu, a 787, ta bambanta tsakanin sujada, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawa, wadda ake iya nuna wa gicciye da littafin Bishara da hotuna, tana cewa girman da aka ba hoto yana wucewa ne zuwa ga wanda aka zana. Rikicin ya sake tashi a 815, bai lafa ba sai 843 a hannun sarauniya Tiyodora, kuma har yau Otodoks suna tunawa da wannan a Lahadin farko ta azumin Lent.

A Yamma kuwa, Fafaroma Giregori Babba ya rubuta wa bishop Serenus na Marsai wajen shekara ta 600, bayan bishop ɗin ya farfasa hotuna don ya ga ana yi musu sujada. Ya yaba masa da hana sujadar, ya tsawata masa a kan fasawar, domin abin da rubutu yake yi wa mai karatu shi ne zane yake yi wa wanda bai iya karatu ba. Majalisar Tirent a 1563 ta faɗa a fili cewa babu wani allahntaka ko iko a cikin hoto da zai sa a roƙe shi ko a dogara gare shi, Majalisar Batikan ta Biyu kuma a 1963 ta ce a ci gaba da ajiye su amma kada yawansu ya wuce kima.

Mama Hannatu: 'Ya'yana, na karanta duka, kuma kowannenku ya faɗi gaskiya. Sai dai ina so in yi magana a madadin wanda yake zaune a bencin baya, wanda bai taɓa jin sunan Nikiya ba. Katikis, bambancin nan tsakanin sujada da girmamawa a takarda a sarari yake, amma a zuciyar mai ciwo da ya ƙare da magani, ko uwar da ɗanta yake kwance, layin yakan yi siriri ƙwarai, har mutum ya riƙe abu yana jin cewa a cikinsa ne ikon yake. Fasto, kai ma kada ka ɗauka farin bango ya raba ka da wannan haɗari. Akwai majami'un da babu hoto ko ɗaya a cikinsu, amma masu bi suna riƙe kwalbar mai ko hankici ko hoton mai wa'azinsu kamar laya, wasu ma Littafi Mai Tsarkin kansa suke sawa ƙarƙashin matashi ba tare da sun buɗe shi ba. Ashe macijin tagulla ba ya bukatar mai zane kafin ya dawo. Inda koyarwa ta yi rauni, can yake samun ƙofa, ko bangon a shafe yake ko a zane.

Katikis Luka: Mama, wannan gaskiya ce, kuma nauyin yana wuyanmu mu masu koyarwa. Ba zan musa cewa akan samu masu wuce gona da iri ba. Akwai al'adar da nake ganin tana taimakawa: a majami'u da yawa akan lulluɓe gicciye da siffofi da ƙyalle mai launin shunayya a makonni biyu na ƙarshe kafin Ista, wanda yake koya wa ido cewa sujada ba ta tsaya a kan abin da ake gani ba.

Ɗan'uwa Yohanna: Iyayena da malamaina, ku yi mini haƙuri in kawo wani ɓangare da ya fi damun matasa. A ce mun yarda za a iya zana Yesu domin ya zama mutum, to wace fuska za a ba shi? Bishara huɗu ba su bayyana tsawonsa ko launin fatarsa ko gashinsa ba. Amma hoton da ya fi yaɗuwa a duniya a ƙarnin da ya wuce shi ne wanda Ba'amurke Warner Sallman ya zana a 1940, mai farar fata da gashi mai laushi har kafaɗa, wanda aka buga shi ɗaruruwan miliyoyi a kalanda da katuna da littattafan yara. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma haka ya faru: yaro yakan ji sau ɗari cewa Yesu Bayahude ne daga Galili, amma da ya rufe ido don addu'a, fuskar Bature ce take zo masa. Wannan ya ba masu cewa Kiristanci addinin Turawa ne abin kamawa. A ganina wannan ya fi ƙarfafa maganar Fasto, domin zane yana koyarwa ne da ƙarfi, har da abin da Nassi bai faɗa ba.

Malama Rifkatu: Ɗan'uwa Yohanna, ka taɓo wurin da ya fi ciwo, kuma ban ga laifin damuwarka ba. Amma ina ganin illar ba daga zane ta fito ba, daga mamayar zane guda ɗaya ta fito. Ikkilisiyar Habasha ta karɓi bangaskiya tun ƙarni na 4, kuma masu zanenta sun daɗe suna nuna Yesu da Maryamu da manzanni da manyan idanu da kamannin mutanen ƙasarsu. A majami'ar Debre Birhan Selase da ke Gondar, rufin gaba ɗaya fuskokin mala'iku ne a jere suna duban masu sujada, a Lalibela kuma an sassaƙa majami'ar Giyorgis daga dutse guda a siffar gicciye, har ginin kansa ya zama alama. Babu wanda zai tsaya a can ya ce bangaskiyar baƙuwa ce.

Bari in ƙara misalin da ya fi taɓa ni a duk tarihin zanen Kirista. Tsakanin 1512 da 1516, Matiyas Gurunewal ya zana allon bagade na Isenhaim domin asibitin sufayen Antoni, waɗanda suke jinyar masu wata muguwar cuta da take ruɓar da fata da gaɓoɓi. Ya zana Yesu a kan gicciye jikinsa cike da gyambo da tabo irin na majinyatan, yatsunsa a murɗe saboda azaba, a gefe kuma Yohanna Mai Baftisma yana nuna shi da yatsa. Majinyacin da aka kawo gaban wannan allo yana ganin Ishaya 53 da idonsa, cewa Mai Ceto ya ɗauki cututtukanmu. Mai zanen ba cewa yake yi haka fuskar Yesu take a tarihi ba, cewa yake yi Yesu ya shigo cikin halin mai kallo. Masu zanen Habasha ma abin da suke faɗa ke nan. Laifin yakan zo ne sa'ad da wata al'umma ta manta cewa nata zanen fassara ce, ta ɗora wa sauran duniya shi a matsayin ainihin kamanni.

Ya kamata kuma a sani cewa masu gyaran ikkilisiya ba bakinsu ɗaya ba. Lokacin da aka fara fasa siffofi a garin Witenbag na Jamus a farkon 1522 bisa koyarwar Kalstat, wani malamin tauhidi na garin, Martin Luta ya baro maɓoyarsa ya dawo ya yi wa'azi a kan a daina, yana ganin idan Kalma ta cire gunki daga zuciya, na bango ba zai cutar ba. Har yau allon bagaden da gidan mai zane Kiranak ya zana a 1547 yana majami'ar garin. A Zurik kuwa, ƙarƙashin Zuwingili, an kwashe hotuna a 1524 aka shafe bango.

Fasto Bitrus: Mama Hannatu ta faɗi abin da ya kamata mu masu farin bango mu ji, na kuma karɓa. Zan ƙara da cewa mu ma ba mu rabu da alamu ba. Ubangiji da kansa ya ba mu alamu biyu na gani da taɓawa, ruwan baftisma da gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji. Mumbarin da muke kafawa a tsakiya yana shelar cewa Kalma ce kan gaba, gicciyen da ba kowa a kansa yana shelar tashi daga matattu, kamar yadda mai ɗauke da siffar Yesu yake shelar tsadar fansarmu.

Duk da haka akwai iyakoki biyu da ba zan ƙetare ba. Na farko, zana Allah Uba a matsayin tsoho mai gemu, kamar yadda Mikelanjelo ya yi a rufin ɗakin sujada na Sistin tsakanin 1508 da 1512. Hujjar Yohanna na Dimashƙu ba ta kai nan ba, domin Uba bai zama mutum ba, kuma taron ikkilisiyar Otodoks a Mosko a 1667 ya hana irin wannan zane. Na biyu, durƙusawa ko sumbata ko ƙona turare a gaban hoto, domin 1 Korintiyawa sura ta 8 ta koya mana mu bar abin da muke da 'yanci a kai idan zai sa ɗan'uwa marar ƙarfi tuntuɓe. Akwai kuma batun dukiya. Tun ƙarni na 12, Barnad na Kilerbo, wanda shi kansa sufi ne na Katolika, ya koka cewa ikkilisiya tana ƙyalli a bangonta alhali matalautanta suna cikin rashi.

Malam Ishaya: Na amfana ƙwarai, Allah ya ƙara muku basira. Tambaya ɗaya ta rage mini. Yanzu majami'u da yawa, har da waɗanda ba su yarda da zane ba, sun kafa manyan allunan majigi a gaba, inda ake haska hotunan duwatsu da gizagizai da hannuwa a ɗage a bayan kalmomin waƙa, wani lokaci ma fuskar mai wa'azi ce take cika allon. Shin wannan bai shiga cikin muhawararmu ba?

Malama Rifkatu: Ya shiga sosai, Malam, kuma a ganina ya fi zanen bango bukatar a sa masa ido. Alamun dā an zaɓe su ne da tunani mai tsawo: kwamin baftisma mai kusurwa 8 yana nuni da rana ta takwas, wato sabuwar halitta da ta fara ranar tashin Almasihu; fari na Kirsimeti da Ista ne, ja na Fentikos da shahidai, shunayya na lokacin tuba da jira, kore na sauran makonni. Kowanne yana da dalilin da za a iya koya wa yaro. Hoton majigi kuwa sau da yawa wanda yake riƙe da kwamfuta ne yake ɗauko shi daga intanet ana dab da fara sujada, ba tare da dattawan ikkilisiya sun gani ba. Shawarata ita ce duk abin da za a sa a gaban jama'a, zane ne ko tuta ko hoton majigi, shugabanni su duba shi tukuna, su kuma iya faɗin wane Nassi yake hidimta wa.

Fasto Bitrus: A wannan ni da Malama bakinmu ɗaya. Zan kai maganar fuskar mai wa'azi a kan allo gaban dattawanmu, domin idan ana bukatarta saboda na nesa su gani, to a taƙaita ta ga lokacin wa'azi, a cire ta a lokacin addu'a da Jibin Ubangiji. Katikis, batun sumbatar gicciye da kuke yi a ranar Jumma'a Mai Kyau ban gamsu da shi ba, kuma zan so ka buɗe mana tattaunawa ta musamman a kansa, ka kawo addu'o'in da ake karantawa a wannan hidima domin mu duba kalmominsu tare.